Sadarwar Bakteriya da Lissafin «Ko»: Harshe Ne?

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu dubi wani aikin masanan halittu da idon mai nazarin harshe.

Tun 1970 aka lura a Amurka cewa bakteriyar teku mai suna Vibrio fischeri ba ta haske sai ta yi yawa wuri guda. Kowace ƙwaya tana fitar da wani sinadari. In ya taru ya kai mizani, sai su haskaka gaba ɗaya. Wannan hanyar ce Tamsir, Tabor da Voigt, na jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko, suka juya zuwa lissafi a 2011. Sun dasa wa bakteriyar E. coli ƙa'ida guda, wadda ake kira NOR: ƙwayar ba ta amsawa sai in babu saƙo na farko, babu na biyu. Sannan suka jera ta gungu-gungu bisa faranti, ta yadda sinadarin da wannan gungu ya fitar zai zama saƙon da na kusa ke karɓa. Ta sauya jerin gungunan, suka samu dukan ayyukan lissafi 16 da saƙo biyu ke iya bayarwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne «ko». In an ce «shayi ko kafe?», ɗaya ake zaɓa. In an ce «mai ciwo ko tsoho ya zauna», tsoho mai ciwo ma zai zauna. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, mai saurare ke rarrabewa. Bakteriya ba ta da wannan sassauci: «ko» na farko kaɗai sai da ya ci gungu 4.

To, harshe ne? A 1952 Benveniste ya hana wa rawar zuma wannan suna, domin ƙudan da aka ba labari ba ya isar da shi ga wani, ba ya kuma mai da amsa. A nan hujjarsa ta ɗan raunana, tun da gungu yana karɓar saƙo ya miƙa wani gaba. Amma a ganinmu ma'aunin Martinet ya fi yanke magana: sinadarin ba ya rarrabuwa zuwa ƙananan sassa marasa ma'ana, kamar yadda «ko» ke rabuwa /k/ da /o/. Ma'anarsa kuma mai binciken ne ya ɗora masa ita.