Kafin Ɗan Kasuwa Ya Sauke Iyalinsa A Ƙauyen Bakin Iyaka

Duk shekara da zarar kaka ta yi, wake da riɗi da aya suka fara fitowa, mukan ga sababbin fuskoki a tashoshin Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Maigatari. Wasu yaran manyan 'yan kasuwar Kano ne da iyayen gidansu suka turo su zauna kusa da kaya, wasu direbobi ne, wasu 'yan canji, wasu kuma dillalan dabbobi da suka gaji da zirga-zirgar mako-mako. Mafi yawansu ba sa iya kama haya a cikin Maradi ko Katsina ko Ƙonni saboda tsada, don haka sai su fara cigiyar ƙauyen da za su ajiye iyali. Tambayar da suka fi yi kuwa guda biyu ce: nawa ne kuɗin haya, kuma minti nawa ne zuwa shingen kwastan?

A ganinmu waɗannan tambayoyi su ne ya kamata su zo daga ƙarshe. Tambayar farko ita ce: ranar da aka wayi gari an rufe iyaka, wannan ƙauye zai iya riƙe ni da iyalina?

Idan mai karatu bai manta ba, sau uku ke nan ana garƙame iyakar Nijeriya da Nijar a cikin shekara 40. Na farko daga 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, zuwa 1986, wanda ya zo daidai da fari, har dattawan Maradi da Damagaram suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunansa. Na biyu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, shi ma da farko ƙofofi huɗu kawai aka buɗe a duk faɗin ƙasar, ciki har da Illela da Maigatari, aka bar Jibiya tana jira. Na uku kuwa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, inda motoci suka yi layi har zuwa Maris ɗin 2024. Ko iyakar na buɗe ma ba a rasa wata dokar: a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta Nijeriya ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, sannan gab da babbar sallar 2025 ta hana fitar da dabbobi. Wanda duk abincinsa ya rataya a kan ƙofa ɗaya, to kowace daga cikin waɗannan dokoki a tukunyar gidansa take sauka.

Shi ya sa tsofaffin fatake ba sa zaɓen gari don yana manne da shinge. Sukan duba inda kasuwanni biyu ko uku suke kewaye da shi, a ɓangaren ƙasar da mutum yake zaune, ta yadda in ƙetarawa ta gagara zai ci gaba da juya ɗan jarinsa. Alal misali, Jibiya tana ci ranar Lahadi, Maradi kuma Litinin da Juma'a. Illela Lahadi, Ƙonni Laraba. Maigatari Alhamis. Mutumin da ya zauna a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kan kwaltar Ɗan Isa zuwa Maradi, in an hana shi shiga Jibiya, yana da kasuwar birni sau biyu a mako ga kuma ƙananan kasuwannin ƙauye. Wanda kuwa ya kutsa can cikin wani lungu don kawai akwai ɓarauniyar hanyar da babura ke bi, ranar da jami'ai suka toshe ta ba shi da abin yi sai zaman gindin bishiya.

Bayan kasuwa sai ruwa, kuma a nan ne baƙi suka fi yaudaruwa, domin mafi yawansu da kaka suke zuwa duba wuri, lokacin da kowace rijiya take cike, kowane tafki yake sheƙi. Ƙauyen da mutum yake so ya sani, ya je masa a watan Afrilu. A lokacin ne zai ga tsawon layin jarkoki, ya ga ko gugar igiya gaba nawa take ci kafin ta taɓa ruwa, ya ji nawa ake sayar da jarka, ya kuma ga ko famfon da aka nuna masa da alfahari yana aiki ko kuwa tun bara ya tsaya. Kwarin Gulbin Maradi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tibiri kafin ya sake komawa Nijeriya, yana da ruwa kusa, shi ya sa ake noman rani a wurare irin su Jiratawa. Amma kewayen birnin Damagaram dutse ne a ƙarƙashi, ƙarancin ruwansa kuma ba sabon labari ba ne. Mai mata biyu da yara takwas da zai riƙa sayen ruwa wata huɗu a shekara, in ya yi lissafi zai tarar rangwamen da ya samu a kuɗin haya ya tsiyaye a jarka.

To sai dai fadama ma da nata. Inda ruwa yake kusa nan sauro yake, nan kuma ambaliya take fara sauka. Daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maradi, ta kuma kayar da tsohon masallacin nan na ƙasa na Damagaram. Saboda haka ziyara ta biyu a watan Agusta ya kamata a yi ta. Mutum ya duba alamar ruwa a jikin katangu, ya ga ko gidan da ake son ba shi a tudu yake ko a kwari, sannan ya gwada hanyar da kansa. Hanyar burji da mota ke shararawa a kanta da rani, da damina takan koma laka, gulbi ɗaya ya raba mutum da kasuwa kwana biyu. Mai sayar da atamfa zai iya jira. Mai tumatir ko albasa ko ɗanyen kifi ba zai iya ba.

Maganar tsaro kuwa ba ma son mu yi ta da tsoratarwa, amma ba ta ɓoyuwa. Tun daga 2019 dubban mutane daga ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, su kuma ƙauyukan Madarumfa da ke kusa da dajin Baban Rafi sun sha fama da satar shanu da satar mutane. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya, wanda hakan ya sa mutane suka riƙa neman sabis ɗin Nijar don su yi magana da 'yan uwansu. An yi zaman sulhu a Jibiya a farkon 2025, amma mai hankali ba ya gina gida a kan sulhu kaɗai. Abin lura shi ne baƙon ɗan kasuwa ya fi ɗan gari fitowa fili. Kowa ya san ranar da ya sayar da kaya, kowa ya san ranar da aka turo masa kuɗi. Gidan bayan gari, wanda yake shi kaɗai a bakin gona, ko kyauta aka ba shi ya yi godiya ya ƙi. Kuma kada ya tambayi mai gidan haya ko gari lafiya, domin amsarsa sananniya ce. Ya tambayi 'yan kabu-kabu ƙarfe nawa suke daina bin hanyar, ya duba ko masu shanun garin suna kwana da dabbobinsu a gida ko sun kai su wani wuri, ya ga ko malaman makaranta da ma'aikacin asibiti a garin suke kwana ko kullum yamma sai su koma birni. Waɗannan ba sa ƙarya.

Sai zaɓin ɓangare: a zauna ta Nijeriya ko ta Nijar? Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, auratayya kuma ta haɗa kowa, har mutum ya ɗauka babu bambanci. Bambancin yana aljihu. A 2019 jika ɗaya ta sefa ba ta wuce naira 600 da 'yan kai ba, amma a 2024 ta haura naira 2,000. Wanda yake samun naira yana biyan haya da cefane da sefa ya ji a jikinsa, wanda kuma yake samun sefa yana kashe naira ya sha daɗi. Dattawa za su tuna cewa a Janairun 1994 abin juyawa ya yi, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Shawararmu ita ce mutum ya zauna a inda kuɗin da yake samu shi ne kuɗin da ake karɓa a wurin mai shago da mai nika. Wuta ma abin dubawa ce, tunda yawancin lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa kafin a yanke shi a Agustan 2023, kuma masu sana'ar ƙanƙara da injin nika ba su manta da wannan lokaci ba.

Akwai kuma makarantar yara, wadda iyaye maza sukan manta da ita sai an sauke kaya. Yaron da ya yi aji huɗu da Ingilishi a Katsina, in aka kai shi lakwal a ƙauyen Madarumfa inda ake karatu da Faransanci, kusan daga farko zai sake. Gaskiya ne a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma wannan bai sa takardar jarrabawar wannan ɓangare ta zama ta wancan ba. Haka batun asibiti. Kafin a ɗauko mace mai juna biyu, a san inda za a kai ta ƙarfe biyun dare, da wa yake da motar da zai tashi, da kuma ko akwai shinge tsakanin gida da asibitin. Mutanen yankin Ƙonni da Illela sun daɗe suna zuwa asibitin Galmi, amma ranar da iyaka take rufe, wanda yake wannan ɓangare sai dai ya nufi Sakkwato.

Takardu ma a riƙe su da kyau. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga, amma wanda zai zauna da iyali ba kamar mai cin kasuwa ya koma ba ne. Katin shaidar ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara da na babur ko mota, duk su kasance a hannu, kuma ranar da aka sauka a je a gaida mai gari a sanar da shi.

Wannan ya kawo mu ga maigida. Tun zamanin fataucin goro da kanwa, baƙo ba ya sauka a gari sai a hannun wani, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, ya ɗauki la'adarsa. Yaran yanzu suna ganin waya ta wadatar, suna ganin la'ada asara ce. Amma ranar da aka kama kaya, ko wani ya ci bashi ya ƙi biya, ko akuyarka ta shiga gonar maƙwabci, waya ba ta zuwa gaban dagaci ta yi magana. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙauyen da ba ka da mutum ɗaya mai mutunci da zai ce ya san ka, ko ruwansa zuma ne, bai kai ƙauyen da kake da shi ba.

Game da fili kuwa, muna ganin kuskure ne mutum ya saya a shekararsa ta farko. Ya kama haya ya ga rani ya ga damina tukuna. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maradi a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, dillalan filaye suka samu abin faɗa, kowane fegi sai a ce maka nan tasha za ta zauna. In lokacin saye ya yi, a ɓangaren Nijeriya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da takardar mallakar filin karkara, don haka sa hannun mai unguwa kaɗai bai wadatar ba. A Nijar dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har zuwa gunduma, kuma su ne ke ba da takardar shaidar ciniki ko aro ko jingina. A tabbatar wace iri aka rubuta, domin an sha ganin wanda ya biya kuɗi yana zaton saye ya yi, ashe a wurin masu gona jingina ce. Gonar gado kuma kada a biya sai duk magada sun hallara, har da matan da ke aure a wasu garuruwa da ɗan da ya tafi ci-rani Legas ko Agadas. Sannan a taka filin da ƙafa tare da dattawan gari a tambaye su inda burtali ya bi, domin filin da ya hau hanyar shanu yakan zo da araha, kuma kwamitin filaye ba zai ba da takarda a kansa ba.