Fim ɗin Kimiyya Ba Duba Ba Ne

Tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen watan Nuwamban 2022, wani tsohon zance ya sake farfaɗowa a tsakaninmu. Duk ranar da labarai suka nuna sabon mutum-mutumi yana tafiya da ƙafa biyu, ko aka ce ƙirƙirarriyar basira ta kwaikwayi muryar wani shugaba, sai ka ga guntun fim ɗin Terminator na 1984 yana yawo a wayoyi, an ɗora masa murya ana cewa ai dama Turawa sun riga sun faɗa, kuma ba sa yin komai sai sun fara sanarwa ta hanyar fim. Haka aka yi a lokacin korona da fim ɗin Contagion, haka kuma ake yi kullum da zanen barkwancin nan na The Simpsons. Har masu ilimi da ya kamata su warware wa jama'a sukan gyaɗa kai su ce ruwa ba ya tsami banza.

Ni masoyin irin waɗannan labarai ne tun ina yaro, na littafi da na talabijin da na majigi, kuma wannan fassarar tana ɓata mini rai. Tana mayar da aikin hankali ya koma bokanci, tana kuma koya wa yaranmu cewa gobe wani abu ne da wasu suka riga suka rubuta a ɓoye, namu kawai jira.

A taƙaice, ƙagaggen labarin kimiyya labari ne da marubuci yake ɗaukar wani abu da ilimi ya gano ko yake dab da ganowa, ya tambayi kansa: in wannan abu ya ci gaba, me zai faru da mutane? Galibi ana fara lissafinsa daga littafin Frankenstein na Mary Shelley a 1818. Wannan ya isa game da ma'ana.

Mu koma kan maganar an faɗa ya faru. Contagion ya fito a 2011, bayan duniya ta riga ta ga annobar SARS a 2003 da murar aladu a 2009. Masu fim ɗin sun zauna da masana cututtuka, cikinsu har da Farfesa Ian Lipkin na Jami'ar Columbia, suka gina cutar labarin a kan ƙwayar Nipah wadda jemagu ke ɗauke da ita. Likitoci sun shekara suna gargaɗin cewa irin wannan annoba tana nan tafe. Manomin da ya dubi gabas ya ga hadari ya haɗu ya ce a kwashe shanya, ba wanda zai kira shi boka. Shi kuwa The Simpsons, tun 1989 ake yin sa, an zarce kashi 700, kowane kashi cike da zolayar 'yan siyasa da attajirai. Sun ambaci Donald Trump a matsayin shugaban ƙasa a shekarar 2000, shekarar da shi kansa ya nemi takara a wata ƙaramar jam'iyya. Ƙari a kan haka, da yawa daga hotunan da ake turowa da sunan shirin an zana su ne bayan abin ya faru.

Kuma ba wanda yake turo mana inda suka kuskure. Fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968 ya nuna mutane da mazauni a duniyar wata kafin shekarar 2001. Kashi na biyu na Back to the Future ya cika sararin 2015 da motoci masu tashi. Har yau a ƙasa muke cunkoso.

Gaskiyar alaƙar da ke tsakanin labarin da ƙirƙira ta fi wannan daɗi nesa ba kusa ba. A 1865 Jules Verne, mutumin Faransa, ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Florida. Bayan shekara 104 kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida ɗauke da mutum uku. Verne ya zauna ya yi lissafi da ilimin zamaninsa, ya dace a wani wuri, ya kuma yi kuskure a wani, domin igwar da ya harba mutanensa da ita da ta niƙe su tun kafin su bar ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yara sun karanta shi. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha, wanda ya shimfiɗa lissafin tafiyar roka, ya faɗa da bakinsa cewa Verne ne ya fara jefa masa tunanin. Robert Goddard na Amurka, wanda ya harba roka mai amfani da man ruwa ta farko a 1926, labarin H. G. Wells ne ya kama zuciyarsa yana matashi. Marubuci ya yi mafarki a takarda, yaro ya karanta ya kasa barci, ya girma ya shiga ɗakin gwaji. Iyakar sirrin ke nan.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Nichelle Nichols, baƙar fatar da ta fito a shirin talabijin na Star Trek tun 1966 a matsayin jami'ar sadarwa cikin kumbo, a zamanin da yawancin rawar da ake ba baƙar mace a Amurka ita ce ta 'yar aiki. Ta yi niyyar barin shirin, Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna saboda yaran da ke kallon ta. Cikin yaran akwai Mae Jemison, wadda ta zama likita, a 1992 kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta shiga sararin samaniya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masu cewa wannan fanni na Turawa ne, mu ba ruwanmu, ba su san kayan gidansu ba.

A ƙarni na 12 Ibn Tufail na Andalus ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya gano sirrin halitta ta hanyar lura da gwaji har ya kai ga sanin Mahaliccinsa. A ƙarni na 13 Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira wanda ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu, ya rubuta nasa ƙagaggen labarin a kan irin wannan tsari, ya zuba ilimin likitancinsa a ciki. A Dare Dubu da Ɗaya akwai dokin katako mai tashi sama, wanda maɓalli ake murɗa masa ya tashi, a murɗa wani ya sauka, wato na'ura ce, ba aljani ba. A 1905 wata Musulma 'yar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta gajeren labarin wata ƙasa da mata masana suke tara zafin rana suna girki da shi, suna tafiya a motocin sama. Ko littafin Dune na Frank Herbert, na 1965, wanda sabbin fina-finansa suka cika gidajen kallo a 2021 da 2024, daga rayuwar mutanen hamada da tarihin Musulmi ya ɗebi kaya masu yawa.

Mu sauko gida. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, labaran tafiye-tafiye zuwa duniyoyin al'ajabi, cike da aljanu da ban dariya. Daga nan zuwa labarin kimiyya taku ɗaya ne, kuma an yi takun. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Da Hausa aka rubuta shi, don yaran Hausa, da tunanin mutumin da ya san masallaci da dandali. Yaron da ya karanta shi a wancan zamani ya ga cewa mai suna irin nasa, mai magana irin tasa, yana iya zuwa inda taurari suke. Wannan littafi ya isa a ce yau yana da 'ya'ya da jikoki a adabinmu. Ku shiga kasuwar littattafai ku nema, ku kuma tambayi ɗaliban sakandare goma ko sun taɓa jin sunansa. Adabin kasuwar Kano ya bunƙasa tun daga shekarun 1980, ya ba mu marubuta mata da maza masu ƙwazo, amma kusan dukkan ƙarfin ya tafi ga soyayya da zaman aure da kishi. Ban raina waɗannan jigogi ba, rayuwa ce. Sai dai al'ummar da ba ta da labarin da ke tambayar yadda Kano za ta kasance in ruwan ƙasa ya ƙare, ko yadda makiyayi zai rayu in hamada ta ƙara matsowa, ta bar wa wasu aikin yi mata tunanin gobenta. Wasu kuwa suna yi. Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙabilar Ibo da ta tashi a Amurka, ta kafa littafinta The Shadow Speaker a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Madalla da ita, amma ina namu?

Kada kuma a ce masu kallo ba sa so. Wane gari ne a Arewa ba a san Koi Mil Gaya da Krrish ba? Fim ɗin Indiya na Rajinikanth mai mutum-mutumi Chitti, wanda ya fito a 2010, yara sun haddace shi. Masu fassarar fina-finai zuwa Hausa sun daɗe da gane cewa akwai kasuwa. Ana sha'awar abin, daga waje kawai ake sayo shi.

Hujjar da aka fi kawowa kan rashin yin namu ita ce kuɗi. Wasu matasa a Kaduna, masu kiran kansu The Critics Company, sun rushe ta. Da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da tsohuwar kwamfuta suka koya wa kansu haɗa hoto ta intanet, suna fama da ɗaukewar wuta, suka riƙa fitar da gajerun fina-finan kimiyya. A 2019 duniya ta san da su, daga baya J. J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fina-finan Star Wars da Star Trek, ya aiko musu da kayan aiki. Daga Amurka aka hango su. Ya kamata masu riƙe da ma'aikatun al'adu da na ilimi a jihohinmu su ji kunyar wannan.

Akwai kuma barkwanci, wanda mutane ke ɗauka kishiyar kimiyya ne alhali abokin tafiyarta ne. A 1936 Charlie Chaplin ya yi Modern Times, inda aka ɗaure lebura a gaban injin da zai riƙa ba shi abinci don kada ya ɓata lokacin aiki, injin ya rikice yana marin sa da abincin. Ana dariya, amma tambayar da fim ɗin ya yi ita ce wadda marubuta da 'yan wasan Hollywood suka shiga yajin aiki a kanta a 2023: in na'ura ta shigo, wa zai ci riba, wa za a kora? Wannan ita ce barazanar ƙirƙirarriyar basira ta haƙiƙa, tare da bidiyon ƙarya da damfara da murya, kuma masu jiran mutum-mutumi mai jan ido da bindiga sun shagala da barin ta. Fim ɗin PK na Aamir Khan a 2014 ya kawo baƙo daga wata duniya yana tambayoyin da ɗan gari ba zai iya yi ba. Mu da muka ga Samanja da Kasimu Yero da Rabilu Musa Ibro, mun san yadda mai ban dariya ke faɗa wa mai mulki gaskiya ya kwana lafiya. A ce an sami marubucin da zai saukar da baƙo daga sama a tashar mota ko a layin asibiti, ya yi ta tambayar dalilin abin da muka saba da shi, da an ga aiki, kuma ba ya bukatar miliyoyi.

Game da addini, wanda na san wasu za su ɗaga: ƙagaggen labari ba da'awar sanin gaibu ba ne, marubucin ma bai ce abin zai faru ba. Wanda ya ɗauki fim ya ce annabci ne, shi ne ya jingina wa mutum abin da Allah kaɗai Ya sani. Akwai fina-finan da ke ɗauke da abin da bai dace da tarbiyyarmu ba, gaskiya ne, kuma maganinsa mu rubuta namu.

Ƙasar Sin ta gane wannan. Marubucinta Liu Cixin ya ci babbar kyautar Hugo a 2015, fim ɗin The Wandering Earth da aka ciro daga labarinsa ya yi kasuwa ƙwarai a 2019, a 2023 kuma birnin Chengdu ya karɓi baƙuncin babban taron marubutan wannan fanni na duniya. Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 2003, amma yaron da ke Gumel ko Maraɗi ba shi da littafi ɗaya a harshensa da zai sa ya yi kwaɗayin aiki a irin wannan wuri.

Don haka ina kira ga masu buga littattafai su sake fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, hukumomin ilimi su sa shi cikin littattafan karatu. Masu shirya gasar gajerun labarai su ware shekara guda ga labarin kimiyya. Furodusoshin Kannywood su nemi matasa irin na Kaduna su ba su aiki. Ku kuma iyaye da malamai, in yaro ya kawo muku guntun bidiyo yana cewa an faɗa ya faru, ku tambaye shi shekarar da aka yi fim ɗin da abin da masana suka riga suka sani a lokacin, sannan ku ba shi takarda da biro ya rubuta yadda yake ganin garinku nan da shekara hamsin.