Garkuwar Jiki: Darasin da Ƙyanda Ta Koya Mini a Birnin Gwari

Darasin garkuwar jiki na haddace shi ne a aji don in ci jarrabawa. Ban gane nauyinsa ba sai a hutun bazarar bara, da ƙyanda ta shiga gidanmu a Birnin Gwari.

Yayata da 'ya'yanta uku sun dawo gidanmu da zama tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bakin dajin Kamuku. Babban ɗanta an yi masa allurai duka, domin lokacin da aka haife shi ma'aikatan lafiya suna shiga ƙauyen a kan babur. Ƙannensa biyu kuwa an haife su ne bayan hanya ta rufe. Da na ga ƙuraje sun feso wa na tsakiyan, idonsa ya yi ja, sai na ce, "Yaya, ina katin allurarsa?" Ta ce, "Wane kati kuma, auta? Mu da muke kwana a gona, wa zai kawo mana allura?" Ƙananan biyu sun kwanta, sai da aka kai su asibiti. Babban, wanda tabarma ɗaya suke kwana, ko atishawa bai yi ba. Me ya bambanta su?

Jiki yana da matakan tsaro biyu. Na farko da shi aka haife mu: fata, majina, hawaye, da ruwan asid na cikin tumbi, wanda tsaminsa ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muka haɗiya da abinci. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini masu cinye duk baƙon da suka tarar. Waɗannan kamar ganuwa ne da masu gadin ƙofa, ba ruwansu da sanin wane ne ɓarawon.

Mataki na biyu shi ne mai koyo. A nan akwai ƙwayoyin B, masu ƙera wani makami da ake kira antibodi, wanda ake yi daidai da siffar cuta guda, kamar makulli da kwaɗonsa. Akwai kuma ƙwayoyin T, masu hallaka ƙwayoyin jikin da bairos ya riga ya shige. Matsalar ita ce, a karon farko wannan runduna tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta shirya, kuma a cikin wannan jinkiri ne cuta ke yin ɓarna. Bayan an gama yaƙin, wasu daga cikinsu sukan zauna a jiki shekara da shekaru suna riƙe da kamannin abokin gabar. In ya sake dawowa, kafin ya zauna an gama da shi.

To, allurar rigakafi dabara ce ta nuna wa 'yan sintiri hoton ɓarawo kafin ya zo. Ana sa wa jiki ƙwayar cutar da aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɓangarenta kawai, sai jiki ya yi atisaye. Ɗan zazzaɓin da yaro ke yi bayan allura, wanda ke firgita iyaye mata, yawanci alamar wannan atisayen ne, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Da irin wannan hanya, wadda Edward Jenner ya gwada a Ingila a 1796, aka kawar da agana daga duniya, aka kuma shelanta hakan a 1980. Ku tambayi kakanninku, sun san masu zanen agana a fuska.

Jariri kuma yakan zo da aron garkuwa. Antibodin uwa na ratsawa zuwa gare shi tun yana ciki, sannan ya ƙara samu a dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar. Don Allah a daina zubar da shi. Wannan aro yana ƙarewa cikin 'yan watanni. Shi ya sa a Najeriya ake yin allurar ƙyanda ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15, domin ba kowane yaro ne jikinsa ke kama ta farkon ba.

Akwai kalmomin da muke cakuɗawa. Cutar da ta zauna a wuri kullum, kamar zazzaɓin cizon sauro a wajenmu, daban take da annoba, wadda ke tashi farat ɗaya ta kama mutane fiye da yadda aka saba, kamar mashaƙon da ya addabi Kano da Yobe da Katsina a 2023. In ta ƙetare nahiyoyi, kamar korona a 2020, ta zama annobar duniya. Sai kuma kwanakin ɓuya, wato tsakanin shigar cuta da bayyanar alamunta. Na ƙyanda kwana 10 zuwa 12 ne, kuma yaro yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito. Ka ga kafin a ce a ware shi, aikin gama ya gama. Wannan ne ma ya sa wani lokaci a yi wa yaro allura yau, jibi ya kwanta, a ce allurar ce ta jawo, alhali cutar ta riga ta shiga.

Ƙyanda ba ƙaramar cuta ba ce. Bairos ɗinta yana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa garkuwa da suka kusance shi, kusan 9 za su kamu. Tana jawo ciwon huhu, gudawa da makanta, musamman ga yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, shi ya sa a asibiti ake ba su bitamin A. Tana kuma goge wani sashe na abin da jiki ya haddace game da wasu cututtukan, sai ka ga yaro ya warke amma yau ciwo gobe lafiya.

'Ya'yan Yaya sun tashi, alhamdulillah. Amma jaririyar maƙwabtanmu, 'yar wata 7, ba ta tashi ba, Allah Ya sa mai ceto ce. Lokacin allurarta bai yi ba, aron garkuwar uwarta kuma ya ƙare. Abin da zai kare irinta shi ne garkuwar al'umma: idan kusan yara 95 cikin 100 na unguwa sun yi allurar ƙyanda, cutar ba ta samun gadar da za ta taka ta isa ga jariri. Duk ƙauyen da ma'aikatan lafiya suka kasa shiga, ɓaraka ce a wannan katanga, kuma in mutanensa suka gudo cikin gari, ɓarakar tana biyo su.

Na san akwai masu shakka, kuma shakkar tana da tushe. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma mu tuna abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003: cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har Yaman da Indunusiya. Da aka dawo aka dage, tare da sarakuna da malamai, a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna.

Tun ƙarshen 2024, da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, zirga-zirga ta ƙaru. Kasuwa in ta ci, mutane ke haɗuwa, cuta ma haka. Saboda haka ga roƙona. Mu ne 'yan bokon gidajenmu, maganarmu ana jin ta. In kun je hutu, ku ce a ɗauko muku katin ƙannenku da 'ya'yan yayyenku, ku duba. Alluran wata biyu na farko da na mako 10 da 14 sun cika? Ta wata 9 fa, da ta wata 15? Wanda aka tsallake masa, a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kyauta ake yi, kuma ko lokaci ya ɗan wuce ma'aikatan za su faɗi abin da ya dace. Ni kam na kai na Yaya an cike musu sauran, katunansu yanzu suna cikin jakar takarduna. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.