Daga Wayar Tagulla Zuwa Zaren Gilashi: Lissafin Da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Yelwa ko ta Wara ya san cewa ba a cinikin shinkafa sai an daidaita a kan mudu, domin idan mai saye da mai sayarwa kowa da nasa ma'auni, to lalle ɗayansu zai koma gida da asara. Haka al'amarin yake a sha'anin sadarwa. Ma'aikacin da aka miƙa wa takardar kwangilar jawo intanet zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a Ngaski ko Shanga, da ɗalibin da zai yi rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ake rubuta ta a kan kwamfuta, dukkansu ciniki suke yi, kuma ya wajaba su san mudun da ake auna musu da shi.

Mudun nan kuwa shi ne bit, wato ɗigo guda na saƙo, ko sifiri ko ɗaya. Injiniyoyin wayar tarho sun tsara cewa a riƙa gwada muryar mai magana sau 8,000 a cikin daƙiƙa guda, kowane gwaji kuma a rubuta shi da bit 8. Idan aka ninka, za a samu bit 64,000, wato kilobit 64 a daƙiƙa. Wannan shi ne faɗin hanyar da magana guda take bi, kuma a kansa aka gina duk sauran lissafin.

Daga nan sai aka shiga ɗaure layuka dami-dami. A Amurka, tun shekarar 1962, ana haɗa layi 24 a kira su T1, mai gudun kilobit 1,544. Ƙasashen Turai kuwa, da Nijeriya tare da su, sun ɗauki tsarin E1, mai gurbi 32 da gudun kilobit 2,048. Gurbi 30 ne ke ɗaukar magana, biyun da suka rage na daidaita lokaci ne da isar da alamun kira. Irin waɗannan layuka ne aka saba da su a zamanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, kuma da wayar salula ta shigo a 2001, da E1 aka riƙa auna hanyoyin da ke haɗa turakunta da cibiya.

Zaren gilashi, wanda ake kira faiba, haske yake aikawa maimakon wutar lantarki. Charles Kao ne da abokin aikinsa suka nuna a 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya kai saƙo nesa, abin da ya jawo masa kyautar Nobel a 2009. A 1988 aka amince da tsarin duniya na ɗora tsofaffin layuka a kan wannan zare, kuma matakinsa na farko shi ne STM-1, mai gudun megabit 155.52 a daƙiƙa.

A nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure. Wanda ya raba 155.52 da 2.048 zai samu kusan 76, sai ya ɗauka cewa E1 76 za su shiga. Alhali kuwa 63 kaɗai ke shiga, domin sauran wurin na alamomi ne masu nuna inda kowane layi yake da masu duba lafiyar saƙo, kamar yadda jirgin ruwan da ke tashi daga Wara ba ya cika da buhuna daga kai har gindi, sai an bar wurin inji da matuƙi. Saboda haka STM-1 guda na ɗaukar magana 1,890 a lokaci ɗaya, wato 63 sau 30. Idan kuwa T1 ne, 84 ke shiga. Mataki na STM-16, mai gudun megabit 2,488.32, yana ɗaukar E1 1,008.

Kuskure na biyu shi ne rikita bit da bayit. Kamfanoni da bit suke tallar gudu, amma girman takarda ko hoto da bayit ake faɗinsa, kuma bayit guda bit 8 ne. Mu ɗauki misalin takardar albashi mai megabayit 5, wato megabit 40. A kan layi mai kilobit 64 za ta ci daƙiƙa 625, minti goma ke nan da 'yan kai. A kan E1 kimanin daƙiƙa 20 ne, a kan STM-1 kuwa ba za ta kai rabin daƙiƙa ba.

Sai dai kada mai karatu ya yi zaton cewa da zarar an ambaci faiba magana ta ƙare. Igiyoyin ƙarƙashin teku irin su Main One da Glo-1 sun sauka a Legas, amma saƙon da zai zo bakin tafkin Kainji sai ya ratsa tasha bayan tasha, kuma gudunsa ba zai wuce na mafi ƙuncin hanyar da ya bi ba. Idan zangon ƙarshe E1 guda ne, kuma kwamfuta 40 ke rabonsa, kowace ba za ta samu fiye da kilobit 51 ba, ƙasa ke nan da tsohon layin tarho guda.

Don haka muna kira ga ma'aikatanmu na ƙasar Yauri, kafin su sa hannu a kan kowace takarda, su yi tambaya uku: bit ake nufi ko bayit, mutum nawa ne za su raba layin, kuma mene ne gudun zangon ƙarshe da zai shigo ofishin. 'Yan makaranta kuma su ɗauki biro su maimaita wannan lissafi da kansu, domin ninkawa ce da rabawa kawai irin ta firamare.