Magarya a Farfajiyar Gida

Magarya ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, wadda mutanen Kaduna suka fi sani a daji da bakin gona. Amma idan ta samu kulawa a cikin gida takan zama abin ado na gaske: ganyenta kore ne mai sheƙi ta sama, fari-fari ta ƙasa, ga 'ya'ya masu zaƙi da ɗan tsami da ke nuna lokacin hunturu. Abin takaici ne a ce gidaje da yawa a Malali da Unguwar Rimi sun cika da itatuwan waje marasa 'ya'ya, an bar wannan.

Iri biyu ake samu. Akwai ta gida mai ƙananan 'ya'ya, wadda ake daka busassun 'ya'yanta a yi akuri, ganyenta kuma ake sa wa a ruwan wankan gawa. Sai mai aure, wato ire-iren Indiya kamar Gola da Umran da ake ɗaura wa a gindin ta gida. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa su a Nijar, inda ake kiransu tuffar Sahel. 'Ya'yan mai auren sun ninka na gida girma sau da yawa, ga tsoka, kuma ita ta fi dacewa da lambu.

Watan Yuni ya fi kyau da dashe, bayan damina ta kankama. Kaduna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, fiye da abin da magarya ta saba da shi a Maradi ko Katsina, don haka wurin dashen shi ne babban lamari. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya, irin gidajen da ke gangaren kogi a Kabala. Tudu take so, da rana tun safe har yamma, nesa da katanga kamar mita 5. A haƙa rami rabin mita, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a yaga ledar da dashen ya zo a ciki a hankali, domin saiwarta doguwa ce mai nutsewa, ba ta son a karya ta.

A ranin farko ana ba ta ruwa sau biyu a mako, a kuma killace ta saboda awaki. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi nan take, in ba haka ba ta gida za ta danne mai auren.

A sababbin rassa take 'ya'ya, shi ya sa ake datse ta sosai bayan an gama tsinka, kafin ruwa ya sauka. Ƙayarta bibbiyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, saboda haka sai da safar hannu mai kauri. Babban abokin gabarta shi ne ƙudan da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan, su yi tsutsa. Maganinsa a tsince duk waɗanda suka faɗo kullum, a binne su da zurfi.