Neman Cutar Na'urar Ɗaga Wuta da Sauke Ta

Jama'a, masu cajin waya da hasken rana a garuruwan Gwarzo da Kabo, kamar Gammo, sukan dogara ga wata 'yar na'ura mai ɗaga ƙarfin wuta ko sauke shi. Gaɓoɓinta huɗu ne: makunni, naɗin waya, dayod da kwandansa. Idan ta ƙi aiki, kada a yi garajen ɓalle komai. A fara auna batir, a ga ko bolt 12 ya cika. Sa'an nan a tuna cewa a juye wutarta ke fita, watau inda ake zaton jar waya, nan baƙa take. Wanda ya mance wannan ya ɗaura kwandansa baibai, sai ta kumbura ta fashe, jari ya salwanta. Sai an san cuta ake neman magani.