3.4 Tace Fina-finai a Zamanin Intanet

A wannan sashe za a duba ko tsarin tace fina-finai zai iya yin tasiri a intanet. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke rarraba fina-finai gwargwadon shekarun masu kallo. Jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001. Aikin ya yiwu a wancan lokaci saboda hanya ɗaya fim yake bi, wato daga furodusa zuwa dillalan kaset a kasuwa, inda hukuma za ta iya tare shi.

A intanet kuwa babu wannan mashiga. Duk mai waya yana iya ɗora bidiyo a YouTube ko TikTok, ko da daga wata ƙasa ne. Toshe kafar ma bai cika yin aiki ba. Misali, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da dama sun ci gaba da shiga ta hanyar VPN.

Ke nan, alamar shekaru gargaɗi ce kawai. Yaron da ke riƙe da waya a ɗaki, iyayensa ne ke kusa da shi, ba hukuma ba.